Lambobin da ake biyan kuɗin hoton ƙwaƙwalwa da su a Amurka

A Amurka, duk hoton ƙwaƙwalwar da aka ɗauka a asibiti sai an mayar da shi lamba kafin a biya kuɗinsa. Kamfanin inshora ba ya ganin hoton, sau da yawa ma ba ya karanta rahoton likitan da ya duba shi. Abin da ke isa gare shi shi ne takardar neman biya, wadda ke ɗauke da lambobi iri biyu: ta farko tana faɗin aikin da aka yi, ta biyu tana faɗin dalilin da ya sa aka yi shi. In suka dace da juna bisa ƙa'idar mai biya, kuɗi ya fito. In suka saɓa, sai a dawo da takardar, ko da hoton nan shi ya gano ƙarin da ke neman ran majinyaci. A nan ne asibiti ke tafka asara, ko kuma bashin ya dawo kan mara lafiya da iyalinsa.

Littafin da ya riga na'urorin

Lambobin aiki suna cikin wani littafi da ake kira CPT, mallakin Ƙungiyar Likitocin Amurka, wato AMA. Ta fara buga shi a 1966, shekara ɗaya bayan kafa Medicare, shirin inshorar lafiya na gwamnatin tarayya domin masu shekara 65 zuwa sama. Bugun farko ya fi karkata ga ayyukan tiyata, kuma lambobinsa masu alƙaluma huɗu ne. A bugu na biyu, na 1970, aka mayar da su biyar, haka suke har yau. A lokacin babu hoton ƙwaƙwalwa irin wanda aka sani yanzu. Sai ranar 1 ga Oktoba, 1971 aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da na'urar CT, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, da injin da Godfrey Hounsfield ya ƙera a kamfanin EMI. MRI kuwa sai farkon shekarun 1980 ta shiga asibitoci. Tun daga nan littafin ke bin na'urori a baya yana yi musu gurbi.

A 1983 hukumar da ke gudanar da Medicare ta ɗauki CPT a matsayin lambobin da za a riƙa neman biya da su. Dokar HIPAA ta 1996, da ƙa'idar da aka fitar a ƙarƙashinta a 2000, suka mayar da shi dole ga duk likitan da ke aika takardar biya ta kwamfuta, ko gwamnati yake nema ko kamfani. Abin mamaki shi ne, littafin da doka ta wajabta ba na gwamnati ba ne: AMA ce ke da haƙƙin mallakarsa, kuma tana karɓar kuɗin lasisi daga asibitoci da kamfanonin manhaja. A 1997 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar mata da haƙƙin, amma ta ce ta yi amfani da shi ba daidai ba da ta gindaya wa gwamnati sharaɗin kada ta yi aiki da wani tsarin lambobi dabam.

Ayyukan hoto suna tsakanin lamba 70010 da 79999. Na kai da ƙwaƙwalwa kusan duk suna farkon wannan zango.

Uku-uku ne, kuma ruwan rini ke raba su

CT na zagaya kai da hasken eksire, kwamfuta ta haɗa abin da ta ɗauko ta fitar da shi yanki-yanki. Cikin 'yan mintuna ake gamawa, shi ya sa ita ce na'urar sashen gaggawa: jinin da ya zuba cikin kai da tsagewar ƙoƙon kai suna fitowa a cikinta fili. MRI da maganaɗisu mai ƙarfi da igiyoyin rediyo take aiki. Ta fi jinkiri, ta fi tsada, amma ta fi nuna naman ƙwaƙwalwar kansa.

A dukansu biyu akan yi wa majinyaci allurar wani ruwa ta jijiya domin wasu wurare su fito sosai, kamar ƙari ko kumburi. Na CT mai sinadarin ayodin ne, na MRI mai gadoliniyam ne, wanda Amurka ta fara amincewa da shi a 1988. Wannan ruwan rini shi ne ya raba lambobin gida uku. CT ɗin kai ba rini 70450 ne. Da rini 70460. Idan kuwa an fara ɗauka ba rini sannan aka sa rini aka sake ɗauka a zama ɗaya, 70470. Haka MRI: 70551 ba rini, 70552 da rini, 70553 kafin rini da bayansa. Ta tsakiyar, 70552, ba a cika ganin ta ba, domin likitan hoto ya fi son ya ga yadda wuri yake kafin rini ya shiga, sai ya kwatanta.

Kuskuren farko da sabon ma'aikaci ke yi shi ne ya rubuta 70450 da 70460 tare, tunda dai sau biyu aka ɗauki hoto. Wannan rarraba aiki ɗaya ne gida biyu domin ya kawo kuɗi biyu, kuma tun 1996 Medicare ke da wani tsarin tacewa ta kwamfuta, mai suna NCCI, wanda ke kama irin waɗannan lambobin da ba a yarda su zo tare ba. Lambar da ta dace ita ce 70470 kaɗai. Haka kuma kalmar “da rini” tana da iyaka a littafin: sai ruwan da aka sa ta jijiyar jini, ko cikin gaɓa, ko cikin ruwan laka. Wanda aka sha ta baki ba ya shiga lissafi.

Yawan hotunan da aka ɗauka ba ya ƙara lamba. MRI ɗin ƙwaƙwalwa jerin ɗauka ne daban-daban, kowane yana nuna wani abu: wani ruwa, wani tsohon jini, wani kuma wurin da jini ya daina kaiwa sa'o'i kaɗan da suka wuce. Ko jeri biyar aka yi ko goma sha biyu, in babu rini 70551 ce. Lambar tana bin abin da aka yi a zahiri, ba abin da aka yi niyya ba. Likita na iya neman 70553, amma majinyaci ya kasa jure ƙuncin ramin na'urar, ko a ga ƙodarsa ba za ta ɗauki rinin ba, a tsaya bayan zagayen farko. Abin da za a nema a nan 70551 ne.

Akwai wani ɗan bambanci da ke rikita har tsofaffin ma'aikata. A CT, kwarmin ido, da kunnen ciki, da gurbin da ƙullin fituwitari ke zaune a gindin ƙwaƙwalwa suna da lambobinsu dabam, 70480 zuwa 70482, ƙasusuwan fuska da kogunan hanci kuma 70486 zuwa 70488. A MRI ba haka ba ne. Hoton fituwitari da na hanyar jijiyar ji duk a ƙarƙashin lambobin ƙwaƙwalwa ake sa su, sai ido da fuska da wuya ne ke da nasu, daga 70540 zuwa 70543.

Jijiyoyin jini da sauran gwaje-gwaje

Idan jijiyoyin jini ake son gani ba naman ƙwaƙwalwa ba, lambar ta canja. Na CT a kai 70496 ne, a wuya 70498. Na MRI a kai 70544, 70545 da 70546, bisa tsarin rinin nan dai. Bayanin lambar 70496 ya riga ya haɗa da hotunan da aka ɗauka ba rini a matsayin share fage, da kuma aikin da kwamfuta ke yi na tayar da jijiyoyin su fito kamar reshen bishiya. Saboda haka ba a neman kuɗin waɗannan dabam.

Mai shanyewar ɓarin jiki ne ya fi tara waɗannan lambobin cikin sa'a ɗaya. Da isowarsa ake ɗaukar CT ba rini, domin a tabbatar ba jijiya ce ta fashe ba. Maganin narkar da gudan jini, wanda ake bayarwa cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko, yana iya kashe wanda jini ke zuba a kansa. Daga nan a duba jijiyoyin kai da wuya a nemo inda ya toshe. Wani lokaci a ƙara da awon yadda jini ke ratsa sassan ƙwaƙwalwa, a ga wanda ya mutu da wanda za a iya cetowa. Wannan gwaji na ƙarshe ya shafe shekaru masu yawa a ƙarƙashin 0042T. Lambobin da ke ƙarewa da T na wucin gadi ne, ana ba da su ga sababbin dabaru domin a ga yawan amfani da su, akan sake duba su bayan shekara biyar, kuma masu biya da yawa ba sa ɗaukar kansu dole su biya su.

MRI mai nuna wurin da ke aiki a ƙwaƙwalwa yayin da mutum ke magana ko motsa yatsu, wanda likitan tiyata ke nema kafin ya yanke ƙari kusa da cibiyar magana, yana da lamba biyu: 70554 idan ma'aikacin na'ura ne ya gudanar da gwajin, 70555 idan sai da likita ko masanin halayyar ɗan Adam ya gudanar da shi da kansa. Jaririn da maɗigarsa ba ta rufe ba ana iya leƙa ƙwaƙwalwarsa da na'urar sauti irin ta awon ciki, lambarsa 76506. Awon gudun jini a jijiyoyin kai, wanda ake yi wa yara masu cutar sikila domin a gano waɗanda ke cikin haɗarin shanyewar jiki, 93886 ne. Ba ya ma cikin zangon ayyukan hoto, yana can sashen ayyukan likitanci na gama-gari.

PET ce ta fi nuna yadda lamba da izinin biya suke abu biyu. A wannan gwaji ana sa wa mutum wani sinadari mai ɗan tururin nukiliya, na'ura ta bi inda ya taru. Idan sukari ne aka yi wa alama domin a ga sassan da ke cin abinci da waɗanda suka yi sanyi, lambar 78608 ce. Tun 2004 Medicare ke biyan wannan ga masu cutar mantuwa, amma a yanayi ƙunci: inda likita ya kasa bambance cutar Alzheimer da wata mantuwar da ke kama gaban ƙwaƙwalwa da gefenta. Akwai kuma PET mai neman dasƙararren furotin amiloyid, alamar Alzheimer, wanda ake nema da 78811 ko 78814. A 2013 Medicare ta ce sau ɗaya tak za ta biya shi a rayuwar mutum, shi ma sai yana cikin wani bincike da ta amince da shi. Shekara goma aka yi a haka. Bayan da aka amince da maganin lecanemab a Yulin 2023, wanda ba a bayar da shi sai an tabbatar akwai furotin ɗin, hukumar ta janye wannan ƙa'ida a Oktoban shekarar. Lambobin ba su canja ba duk tsawon lokacin. Abin da ya canja shi ne ko za a biya.

Lambar dalili

Rabin takardar ke nan. Ɗaya rabin ya fito daga wani gida dabam: kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD, wanda asalinsa jerin musabbaban mutuwa ne da Bafaranshe Jacques Bertillon ya tsara a 1893, hukumar ta karɓe shi a 1948. Amurka ta yi wa bugu na goma nata gyaran, ICD-10-CM, ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba, 2015. Lambobin cuta suka tashi daga kimanin 14,000 zuwa kusan 70,000.

Waɗanda suka fi rakiyar hoton kai sanannu ne: R51.9 ciwon kai, R42 jiri, R55 suma, R56.9 jijjiga, R41.82 gushewar hayyaci, G40.909 farfaɗiya, I63.9 toshewar jini a ƙwaƙwalwa, C71.9 sankarar ƙwaƙwalwa. Lambobin rauni sun fi tsawo, kuma harafinsu na bakwai yana faɗin matakin jinya: A ana cikin maganin farko, D ana bibiya, S abin da raunin ya bari. Jinin da ya taru a ƙarƙashin fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa kamanninsa ɗaya a hoto, amma idan faɗuwa ko haɗari ya kawo shi lambarsa na farawa da S06.5, idan kuwa da kansa ya zo tana farawa da I62.0. Bambancin ba na ilimi ba ne kawai. Rauni na iya nufin inshorar mota ko ta wurin aiki ce za ta fara biya, ba inshorar lafiya ba.

Ƙa'idar da ta fi kowace haddasa gardama tsakanin likitoci da masu ɗora lamba ita ce ta zato. Likita kan rubuta a takardar neman hoto cewa a bincika ko akwai ƙari. Ga wanda ba a kwantar ba, an hana ɗora lambar cutar da ake zato kawai. Sai dai a ɗora ta alamar da ta kawo shi, kamar ciwon kai ko jiri. Hikimar a bayyane take: da an sa C71.9 a kan zato, da mutumin da hotonsa ya fito lafiya lau ya shiga kundin inshora a matsayin mai sankara. Idan hoton ya gano cutar, kuma likitan hoto ya tabbatar da ita a rahoto, sai a ɗora lambarta a bar ta alamar. Idan bai gano komai ba, alamar ce dalili. Matsala na tasowa ne inda likita ya rubuta zatonsa kaɗai bai faɗi alama ko ɗaya ba. A nan mai ɗora lamba ba shi da abin kamawa, kuma ba a yarda ya ƙirƙiro ba. Sai ya koma wurin likitan. Abin da aka tsinta ba a nema ba, kamar ɗan ƙunshin ruwa marar illa, ana iya sa shi a baya, amma ba zai zama dalilin ɗaukar hoton ba.

Dokar Medicare ta ce abin da ya dace kuma ya zama dole domin gano cuta ko maganinta kaɗai za a biya. 'Yan kwangilar da ke biya a madadinta, yanki-yanki, sukan fitar da jerin lambobin cutar da suka yarda su raka wani gwaji. Mai lafiyar da ke son MRI domin ya kwantar da hankalinsa daga aljihunsa zai biya. Ciwon kai kuma shi ne fagen da aka fi ja-in-ja, domin a 2012 ita kanta ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta ba da shawarar kada a ɗauki hoto saboda ciwon kai marar wata alamar haɗari. Idan asibiti na ganin Medicare ba za ta biya ba, dole ya ba majinyaci wata takarda mai suna ABN ya sa hannu kafin a yi aikin, cewa ya sani kuma ya ɗauki nauyi. In ba a ba shi ba, asibiti ba shi da ikon bin sa bashi daga baya.

Hoto ɗaya, takardar biya biyu

Abin da ya fi ba majinyata mamaki shi ne takarda biyu da ke zuwa musu a kan hoto ɗaya, ɗaya ma daga likitan da ba su taɓa gani ba. Dalili shi ne kowace lambar hoto kashi biyu ce. Akwai kason na'ura da ma'aikaci da ɗaki da wuta, akwai kason likitan da ya karanta ya rubuta rahoto. Ana bambance su da wata alamar bayani da ake maƙalawa a bayan lamba: 70553-TC kason na'ura, 70553-26 kason likita. Cibiyar da ke da na'urar kuma likitan nata ne tana rubuta lambar ba alama, ta karɓi duka. Kason likita ba ya tabbata sai da rubutaccen rahoto mai sa hannu. Likitan gaggawa da ya leƙa hoton a allo ya ce babu jini bai cancanci 26 ba da wannan kaɗai, kuma a bisa al'ada karatu ɗaya Medicare ke biya.

Shi ma ruwan rinin yana da lambarsa a wani jeri na biyu, na gwamnati, mai farawa da harafi: Q9967 na wani nau'in ruwan ayodin ne, ana lissafa shi mililita-mililita, A9552 na sukarin PET ne. Shi ya sa ake matsa wa likitocin hoto su rubuta sunan ruwan, da yawansa, da hanyar da aka sa shi. Rahoton da bai ambaci rini ba, 70551 za a ɗora masa ko da an zuba kwalba guda.

Wanda aka kwantar kuwa lissafinsa dabam ne. Tun 1983 Medicare ke biyan asibiti dunƙulallen kuɗi gwargwadon rukunin cutar da aka kwantar da mutum dominta. Ko CT ɗaya aka yi masa ko huɗu, kuɗin asibiti bai ƙaru ba, sai dai likitan hoto ya nemi nasa da 26 a kan kowane. Na'ura ɗaya ce, amma ga wanda ya zo ya tafi hanyar samun kuɗi ce, ga wanda ke kan gado kuma kashe kuɗi ce.

Yadda lamba ke zama dala

Tun 1992 Medicare ke biyan likitoci da tsarin maki, wanda ya samo asali daga binciken William Hsiao na Jami'ar Harvard. Kowace lamba na da maki uku: na wahalar likita, na kuɗin gudanar da wurin aiki, da na inshorar kuskuren aiki. A daidaita su da tsadar rayuwar yanki, a ninka da farashin maki ɗaya, wanda a 2025 ya kasance dala 32.35. A jadawalin 2025, wahalar karanta 70450 maki 0.85 ce, ta 70551 maki 1.48, ta 70553 maki 2.29. Ke nan wahalar likitan da ya duba CT ɗin kai da tsakar dare ya ce akwai jini ko babu ba ta kai dala 28 ba, kafin a ƙara sauran kason biyu. Babban kuɗin yana ɓangaren na'ura. Wani kwamiti da AMA ta kafa a 1991, mai cike da wakilan ƙungiyoyin ƙwararrun likitoci, shi ke ba gwamnati shawarar makin da ya dace da kowace lamba, abin da masu suka ke cewa an ba kura ajiyar nama. Majinyacin Medicare kan biya kashi 20 cikin 100 na kuɗin da aka amince, bayan ya cika kason farko na shekara.

Da kuɗin hotuna ya yi ta hauhawa a farkon shekarun 2000, gwamnati ta shiga datsewa. Wata doka ta 2005 ta hana biyan cibiyoyi masu zaman kansu kason na'ura fiye da abin da ake biyan asibiti, daga 2007. Idan an ɗauki hoto fiye da ɗaya a zama ɗaya, kamar MRI ɗin ƙwaƙwalwa da na wuya, mafi tsada ake biya cikakke. Kason na'ura na sauran ana rage shi da rabi tun 2010. An rage kason likita da kashi 25 a 2012, likitoci suka yi ta ƙorafi cewa karatun hoto na biyu bai fi na farko sauƙi ba, a 2017 aka mayar da ragin kashi 5. Wata dokar ta 2014 ta so tilasta wa likita ya tuntuɓi manhajar ƙa'idojin dacewa kafin ya nemi CT ko MRI ko PET. Aka yi ta ɗage ranar fara hukunci har kusan shekara goma, daga ƙarshe aka jingine shirin a farkon 2024.

Kamfanoni masu zaman kansu nasu makamin izini ne kafin aiki. Izinin kuma a kan takamaiman lamba ake bayar da shi. In an amince da 70551, sai likitan hoto ya ga wani abu ya ce a ƙara rini, aikin ya koma 70553, takardar na iya dawowa don ba ita aka yi wa izini ba, sai an koma an gyara.

Inda kuɗi ya rataya a kan alƙaluma biyar, jarrabawar a bayyane take: a ɗora lambar da ta fi tsada, ko a sauya dalili zuwa wanda aka san ana biya. Yin haka da gangan a takardar gwamnati zamba ne a ƙarƙashin wata doka da ta faro tun 1863, zamanin Shugaba Lincoln, lokacin da 'yan kwangila ke cutar rundunar soja. Tana ɗora ninki uku na asarar da aka jawo, tana kuma ba wanda ya fallasa kashi 15 zuwa 30 na abin da aka ƙwato. Sau da yawa masu fallasawar ma'aikatan ofishin lissafin ne da kansu.

Amfaninta ga majinyaci

Shekarun baya-bayan nan ne lambar ta fara yi wa majinyaci aiki. Daga Janairun 2021 aka wajabta wa asibitoci su bayyana farashin ayyuka 300 da mutum zai iya shirya wa tun da wuri. Gwamnati ta zaɓi 70 daga ciki da kanta, kuma 70450 da 70553 na cikinsu. Wanda ya san lambarsa na iya kwatanta farashin wurare, ya kuma tambayi ko kuɗin da aka faɗa masa ya haɗa da na mai karatu da na rini. Daga Janairun 2022 wata doka ta hana likitan hoton da ba ya cikin yarjejeniyar inshorar mutum ya bi shi cikon kuɗi, matuƙar asibitin da aka ɗauki hoton yana cikinta. Ta kuma ba marar inshora haƙƙin a rubuta masa ƙiyasin kuɗi kafin aiki.

CPT bai tsaya a Amurka ba. Asibitocin Dubai da Abu Dabi da shi suke neman biya, saboda haka wanda ya je jinya can zai iya ganin 70553 a takardarsa. Wasu ƙasashen nasu suke da shi: Ostireliya na da jadawalin gwamnati inda CT ɗin ƙwaƙwalwa ba rini yake 56001, Faransa na da CCAM. A Najeriya, inda akasarin kuɗin jinya daga aljihu yake fita, lambar da mai inshora ya fi sani ita ce wadda asibiti ke jira daga kamfanin HMO kafin a yi masa babban gwaji. Wannan lambar izini ce, ba ta faɗin aikin da aka yi ko dalilinsa.

Lambobin ba sa zama wuri ɗaya. Sabon bugun CPT na fara aiki kowace 1 ga Janairu, babban gyaran lambobin cuta kuma kowace 1 ga Oktoba. R51, lambar ciwon kai, guda ɗaya ce har zuwa Oktoban 2020, lokacin da aka raba ta R51.0 da R51.9, duk takardar da ta zo da tsohuwar bayan nan aka dawo da ita. A farkon 2020 aka soke 78607, lambar hoton ƙwaƙwalwa na SPECT, aka mayar da aikin ƙarƙashin 78803. Manhajojin da ke karanta hoto su ma sun fara shiga lissafi: a 2020 Medicare ta amince da ƙarin biya har dala 1,040 ga asibitin da ya yi amfani da manhajar kamfanin Viz.ai, wadda ke gano toshewar babbar jijiya a CT ta aika wa likita saƙo a waya. Bugu na goma sha ɗaya na kundin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara aiki a Janairun 2022, amma takardun biya a Amurka suna nan a kan na goma.